Ranar Da Na Dafa Maƙogwaron Babur Ɗin Ruwa

Ku ajiye wayoyin nan ku matso. Ni ban iya rubutu ba. Ina faɗa ne, Zainabu matar jikana Faisal tana rubutawa, kuma na ce mata kada ta gyara mini magana. In ta gyara, Allah yana ganinta.

Sana'ata gyaran tukwane. Ba tukunyar miyar gida ba, manyan tukwanen sanholo, wanda ku kuke cewa alminiyom, irin waɗanda ake dafa wa mahajjata shinkafa da nama a Arfa, waɗanda yaro zai kwanta a ciki ya miƙe ƙafa. A nan Makka gidir ake ce musu. Kun taso kun gan ni a tsakar gidanmu na bayan unguwar Zahir ina durƙushe gaban wuta, kuna cewa Sitti, wato kaka, tana wasa da taɓo. Wani cikinku ma ya taɓa ce mini aikin nan ai a narka a zuba ne kawai. To, ku saurara.

Tukunyar da na fara gyarawa ta wata mai dafa abincin biki ce, kunnenta ɗaya ya tsage daga gindi. Lokacin ina amarya. Mijina Malam Idi, Allah ya haskaka kabarinsa, maƙerin fari ne, a Sudan ya koyi zubi wajen wani dattijo kafin ya ƙetaro. Ni da farko zugazugi kawai nake ja masa, ina kwaɓa yumɓu da kashin jaki, ina tankaɗe rairayi. Ran nan hannunsa ya ƙone, ya ce in yi. Na yi. Na sare bakin tsagar da kurfi, na gina mata katangar yumɓu, na zuba narkakken sanholo, na goge da magagari har ta yi kyau kamar ba a taɓa ta ba. Na tura masa ina jiran ya ce madalla.

Bai ce madalla ba. Ya ce, "Cika ta da ruwa."

Na cika.

"Ɗora a wuta."

Na ɗora. Da ta tafasa ya ce, "Cire takalminki. Kama kunnen da kika gyara, ni in kama ɗayan. Mu kai ta bakin ƙofa mu dawo."

Na ce, "Malam, in ya cire fa?"

Ya ce, "In ya cire, a ƙafarki zai zube. Gara taki da ta matar mutane."

Muka kai ta, muka dawo. Kunne bai cire ba. Daga ranar na san ƙa'idar gidan nan, kuma ita ce ƙa'idar dattijon da ya koya masa: wanda ya yi gyara, shi zai fara amfani da abin, a irin halin da mai shi zai yi amfani da shi. Ba a kan ruwan sanyi ba, ba kuma da takalmi ba. Duk tukunyar da ta fita daga gidan nan, ta masu tsiren da Larabawan nan ke cewa siriya, ta masu balila, dafaffen waken nan nasu, ta masu dafa wa ayarin Muzdalifa, sai da na ɗauke ta tana tafasa. Ku dubi ƙafafuna. Tabon da ke nan guda ɗaya ne, shi ma ba na gyarana ba ne, shayi ne.

Kayan aikina ba su da yawa. Guduma ƙarama, kurfi, magagari, awartaki, kaskon narki, abin huji, da wata wayar ƙarfe mai lanƙwasasshen baki. Sauran kuwa kayan gida ne: alli, kananzir, sabulu. Sanholo ƙarfe ne mai ɓoye ciki. Baƙin ƙarfe in ya ji wuta yana yin ja, ya gaya maka inda ya kai. Sanholo ba ya ja. Kana kallonsa fari fat, sai ka ga ya zube kamar kunu. Shi ya sa ake shafa masa sabulu. In sabulun ya yi baƙi, ya isa zubi. In ka tsaya amsa sallama, ka rasa tukunyar mutane.

Shekarar da annoba ta rufe hanya, mahajjata ba su zo ba. Malam ya riga ya rasu. Ba biki, ba walima, ba tukunya ko ɗaya da ta tsage, don tukunyar da ba ta hau wuta ba ba ta tsagewa. Tun kafin nan ma manyan kamfanoni sun koma tukwanen farin ƙarfe da ba a yi musu zubi. Na riƙa narka guntaye ina zuba kaskon turaren wuta ina ba maƙwabta, don kada hannu ya manta, kada murhu ya mutu. Da aka buɗe hanya wasu tsofaffin masu dafuwa suka dawo, wasu ba su dawo ba. Aiki ya ragu, amma bai ƙare ba.

To, yanzu ga maganar maƙogwaro.

Wata ranar Asabar da hantsi Faisal ya shigo da wani abu a buhu ya dire a gabana. Faisal ɗan 'yata ne, a nan aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci. Aikin da yake yi a kamfanin motocin Hajji ya tsaya, sai ya je haraj, kasuwar gwanjo ke nan, ya sayo tsohon babur ɗin ruwa, wanda suke cewa dabbab. Wai zai riƙa kai shi bakin teku a Shu'aiba ranakun hutu yana ba iyalai haya. Mu mutanen Makka, da dutse a gaba dutse a baya, ga jikana da abin hawa ruwa a ƙofar gida an lulluɓe shi da tabarma, awaki suna shinshinawa.

Ya ce, "Ya Sitti, shugul kaɗan ne. Ɗan tsagewa ne, basiɗ."

Na ce, "Maigida, in ƙarami ne me ya kawo shi wajena?"

Na buɗe buhun. Wani dunƙulen sanholo ne mai nauyi, a lanƙwashe, mai bakuna. Ya yi mini bayani, daga baya makanikinsa na Jidda, wani Basudane mai suna Usta Bashir, ya ƙara mini ta waya. Wannan ne maƙogwaron injin, ta nan hayaƙi yake fita. Bango biyu gare shi. Hayaƙi mai zafi yana bi ta ciki, ruwan teku yana zagayawa tsakanin bangon biyu yana sanyaya shi. Bangon waje ne ya tsage, ruwa yana tsiyaya cikin cikin babur ɗin, inda injin yake zaune. In ya taru, injin ya sha, ya mutu. Usta Bashir ya ce irin wannan an daina yin sa tuntuni, wanda suka aiko da shi daga waje bai hau ba. Ya ce shi yana iya yin walda, amma ba zai sa sunansa a kai ba, don ƙarfen ya sha gishiri shekara da shekaru, yana tofar da walda. Mutumin kirki ne, gaskiya ya faɗa.

A kan tsagar na ga wani abu toka-toka ya ɓanɓare. Na ce, "Wannan fa?"

Faisal ya sosa ƙeya. "Gam ne. Na gani a waya. Ana haɗa kala biyu."

"Ya riƙe?"

"Ya riƙe. Har na ɗan shiga ruwa."

"Sai me?"

"Sai wasu masunta suka jawo ni."

Na mayar da abin cikin buhu na ɗaure. Na ce ba zan yi ba.

Bai gane ba, ya ɗauka wuya nake gudu. Ba wuya ba ce. Ku kun san teku a matsayin wurin gasa kifi da ɗaukar hoto. Ni ta kansa na zo ƙasar nan, ina yarinya, haƙoran gabana sun zube. Daga Sawakin ta Sudan muka taso a jirgin katako, ni da iyayena da mutane maƙil. A tsakiya injin ya yi tari ya yi shiru. Wani bututu ne ya fashe. Na ga matuƙin ya kwance rawaninsa ya naɗe shi, ya tayar, ya mutu, ya sake naɗewa. Aka riƙa raba ruwan sha da murfin buta. Wata tsohuwa daga Damagaram ba ta sauka da ƙafarta ba. Tun da muka taka ƙasa ban sake sa ƙafa a ruwan nan ba. In an je Jidda da ni, ta ɓangaren gine-gine nake zama a mota. To abin da ba zan iya gwadawa ba, ba na gyarawa. Tukunya a wuta ake gwada ta. Wannan kuwa na san inda ake gwada shi.

Faisal ya ɗauki buhunsa. Ya ce, "Tayyib. Halas. Zan sake sa gam, wannan karon mai kyau. Akwai na Jamus."

Na ce, "Wa zai hau?"

"Masu haya."

"Da 'ya'yansu?"

"Yara su suka fi so. Rahma ma kullum sai ta tambaye ni."

Rahma 'yarsa ce, ita da Zainabun nan mai rubutu. Ko makaranta ba a sa ta ba. Na ce, "Ajiye buhun."

Abin da na fara yi shi ne na dafa shi. Na sauke babbar gidir ɗin da Malam ya bari, na cika da ruwan daɗi, na jefa maƙogwaro, na hura wuta. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Hajiya, walima ake yi ba a gaya mana ba?" Na ce ta zo da kwano. Mai ya taso baƙi ƙirin, na zubar, na sake ruwa. Na yi ta sakewa ina ɗanɗanawa da harshe kamar mai miya. Muddin ruwan yana da gishiri, ƙarfen bai gama amayarwa ba. Na yi kwanaki a haka, har Zainabu ta fara ɓoye mini gawayin girkinta. Ranar da na ɗanɗana na ji salam, na tsame shi na shanya a rana.

Sai neman ƙarshen tsaga. Tsagar da ido ke gani ba ita ce duka ba, tana da wutsiya siririya da ke tafiya cikin ƙarfe. In ba ka kama wutsiyar ba, ka toshe nan ta ɓulla can. Na jiƙa wurin da kananzir, na bari ya shige, na goge sarai, na shafa alli. Na zauna. Can sai kananzir ya fara dawowa ta cikin allin, ya zana layi. Layin ya wuce inda Faisal ya sa gam da kamu guda, ya yi kwana ya nufi gindin wata ƙusa. Na huda ƙaramin rami a kowane ƙarshe don ta tsaya a nan, na sare bakin tsagar, na kankare har ya yi fari.

Wurin da ya fi ba ni aiki shi ne hanyar ruwan da ke tsakanin bangon biyu. In narkakken ƙarfe ya faɗa ciki ya toshe ta, ka gyara tsaga ka shaƙe inji. Na cusa rairayi da yumɓu a ciki da ɗan tsinke, kaɗan kaɗan, har ya cika dam. Na gina katanga kewaye da tsagar, na bar mata ɗan magudani a gefe. Ban narka guntun tukunya ba, ba jinsinsu ɗaya ba. Na sa Usta Bashir ya aiko mini da tsofaffin fistan na inji. Na binne maƙogwaro a garwashi, na shafa sabulu a kafaɗarsa. Da sabulu ya yi baƙi na yi bismilla na zuba.

Ga abin da mai cewa a narka a zuba bai sani ba. Zubin farko ba ya kamawa, wanka ne. Kana zubawa yana fita ta magudani, kana zubawa yana fita, kana taɓa bakin tsagar da wayar ƙarfe. Da farko za ka ji tauri. Sai wani lokaci ka ji ya yi laushi a hannunka, tsohon ƙarfe ya yarda ya narke ya karɓi sabo. A nan take za ka toshe magudani da yumɓu ka cika. In ka yi sauri, faci zai zauna a sama kamar hula, wata rana ya tashi. In ka yi jinkiri, bangon ya rufta. Ba wanda zai gaya maka lokacin, wayar ce za ta gaya wa yatsunka. Na toshe, na cika, na rufe shi da toka ya huce a hankali har wayewar gari.

Na tone rairayin, na wanke, na goge. Usta Bashir ya daidaita fuskar da ke haɗuwa da inji, don wannan aikinsa ne, shi ya san inji, ni sanholo na sani. Ya toshe bakunan ya matsa masa ruwa da famfo, bai yi gumi ba. Ya aiko a gaishe ni. Faisal ya shigo yana murna, ya sumbaci kaina, ya ce Juma'a zai fara haya.

Na ce, "Ba a gwada ba."

"Usta ya gwada, ya Sitti. Da famfo."

"Ruwan sanyi ne, da takalmi."

Ya dubi Zainabu, Zainabu ta dube shi. Ita ta fara ganewa, don ta sha ganina da tukunya. Ta ce, "Iya, ki rufa mana asiri. Me mutane za su ce?"

Na ce, "Za su ce ga tsohuwa a kan ruwa."

Faisal ya ce, "Ni zan hau in gwada miki. In ɗauko miki bidiyo."

"Kai ka zuba?"

"A'a."

"To."

Ya ce wallahi ba zai ɗauke ni ba. Na ce ba laifi, a kwance maƙogwaron a dawo mini da shi, ina da guduma. Ya san ba na faɗin abin da ba zan yi ba.

Bayan sallar asuba muka kama hanyar Shu'aiba, babur ɗin yana bin mu a baya a kan ƙafafun taya. Na sa wandon Malam a ƙarƙashin abaya. Na ƙulla alli a bakin mayafi. A bakin ruwa suka sa mini wata riga mai kumburi, ja, suka ɗaure ni da igiyoyi kamar kayan da za a aika gida. Usta Bashir ya zo da kansa, ya tsaya a gefe da hannu a ƙirji. Na cire takalmi na miƙa wa Rahma. Ruwan yana da ɗumi. Ban zaci haka ba.

Kafin mu tashi na sa Faisal ya ɗaga kujerar. Na goge facina da tsumma har ya bushe, na shafe shi da alli fari tas, har kewayensa. Aka rufe. Na hau bayansa na kama ƙugunsa.

Ya fara tafiya a hankali kusa da gaɓa, kamar mai tura keken mara lafiya. Na ce, "Haka masu haya za su tuƙa?"

"A'a."

"To yi irin nasu."

Ya yi irin nasu. Ba zan ce muku komai a kan wannan ba, sai dai na karanta duk abin da na haddace, wasu na maimaita. Abin yana dukan ruwa, ruwa yana dukana, haƙorina na roba na riƙe shi da harshe. Na ce ya nufi can inda ruwan ya sauya launi ya koma shuɗi mai duhu. Da muka kai, mutanen gaɓa sun zama kamar ƙwayar gero. Na ce, "Kashe."

"A nan?"

"A nan."

Ya kashe. Shirun nan na san shi. Bai sauya ba ko kaɗan, ruwa yana lasar gefen abin hawa, ba wani sauti kuma. Na bari ya ɗan daɗe. Sannan muka muskuta, ya ɗaga kujerar, na leƙa. Zafin inji ya bugi fuskata. Allin yana nan fari, a bushe, babu layi, babu ɗigo. Na sa yatsa na bi ta kan facin daga rami zuwa rami, na duba gindin ƙusar nan. Na shafa ƙasan cikin babur ɗin. Ƙura na shafo.

Na ce, "Rufe. Tayar."

Ya danna. Injin ya yi tari bai tashi ba. Na ji bayan Faisal ya sandare a hannuna. Ya juyo ya ce, "Sitti..."

Na ce, "Wannan ba nawa ba ne. Nawa a bushe yake. Sake."

Ashe igiyar mabuɗin da ke ɗaure a hannunsa ce ta zame da muka muskuta. Ya mayar, ya danna, ya tashi.

Da muka fito Zainabu tana tsaye cikin ruwa har gwiwa da abayarta, ba ta ma sani ba. Usta Bashir ya leƙa ya ga allin, ya gyaɗa kai, ya ce, "Tamam, ya Hajja." Rahma ta miƙo mini takalmina ta ce, "Sitti, ni ma in hau?" Na ce yanzu kam ta hau, a sa mata jar rigar. Na zauna a kan tabarma na nemi shayi. Zainabu ta zuba mini, na shanye.

Babur ɗin yana nan yana aiki. Duk ƙarshen wata Faisal yana shafa alli ya duba, yana kuma wanke cikinsa da ruwan daɗi duk ranar da ya fito daga teku, don na ce masa in ya sake bari ya sha gishiri, shi zai dafa.

To kun ji. Wanda yake son koyo a cikinku, ƙofa a buɗe take, zugazugi yana nan. Amma ya sani tun yanzu, ba zubi ne sana'ar ba. Zubi kowa zai iya in ya ƙona tukwane da yawa. Kafin ka karɓi aiki, ka dubi abin da kyau, ka tambayi kanka ko za ka yarda ka fara shigarsa.

Kwanan baya wani abokin Faisal ya ji labari, ya zo da wani ƙarfe a jaka. Wai na injin wata lema ce da ake goyawa a baya a tashi sama da ita a kan sahara. Na juya shi, na ƙwanƙwasa, na shafa kananzir da alli. Tsagar 'yar ƙarama ce, ba ta da wutsiya, ƙarfen bai sha gishiri ba. Aikin hantsi guda ne. Na goge masa abinsa sarai, na mayar cikin jaka, na ce ya je ya sayi sabo.